Zamanin 3GP a Kasuwannin Arewacin Kano

Tun 1997 aka fito da Winamp a Amurka, manhajar sauraron waƙa a kwamfuta. A 2001 Ryan Geiss ya ƙara mata MilkDrop, wanda ke bin amon kiɗa yana watsa launuka a allo: ganga ta buga, zane ya kumbura, ta lafa, ya tsuke. Kowane salon zane ɗan ƙaramin fayil ne na lissafi zalla, babu hoto ko ɗaya a cikinsa.

A shekarar ne kuma wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya.

Manomin Dambatta, Bichi ko Makoda bai mallaki kwamfuta ba, don haka rabonsa da waɗannan launuka sai leƙe a shagon masu tura waƙa ranar kasuwa, janareta na ruri a gefe. Abin da ya bi shi gida shi ne 3GP, tsarin bidiyon da aka ƙirƙiro domin ƙananan wayoyi. Mai shago ya kwafo waƙoƙin finafinan Hausa daga faifan bidiyo, ya matse su, ya zuba a memori. Hoton sau da yawa ɗigo 176 ne a kwance, 144 a tsaye. Fuskar jaruma dishi-dishi, sai an gane ta da sutura. Amma fayil ɗin ba nauyi, yana tsallakawa ta Bluetooth daga waya zuwa waya a dandali, masu shirya fim kuwa ko kwabo ba sa gani.

Zuwan wayoyin Android da MP4 ne ya ture 3GP gefe.