Lakkol ɗin gari da na ƙauye: ba tare aka tashi ba

Duk shekara in sakamakon BEPC ya fito, zance ɗaya ne a fada da tasha: wai yaran cikin Gaya sun fi na Tanda, Bana, Bengu, Tunuga da Yelu kai. To jama'a, kafin mu yanke hukunci, mu ɗan waiwaya baya.

Da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakkol ba su kai biyar cikin ɗari ba. Turawan Faransa sun fi kafa makaranta inda kwamanda yake zaune, don su samu tafinta da ma'aikatan biro. Garuruwan bariki irin su Doso, Gaya da Dogon Dutsi suka riga kowa, ƙauyuka da yawa sai daga baya. Ɗan da kakansa ya yi karatu da wanda shi ne na farko a gidansu, ai ba ɗaya ba ne.

A 1998 aka yi dokar ilimi ta LOSEN, a 2003 aka fara shirin shekara goma na PDDE. Lakkol ta shiga ƙauyuka, madalla. Amma da me? Akasari da malaman kwantiragi da ajin zana. Ana komawa makaranta a Oktoba, shi kuwa ajin zana sai an gama girbi an samu kara. Ga shi yankinmu na cikin masu fara samun ruwan sama a ƙasar, damina na faɗuwa aji ya watse. Yaron ajin siminti ya yi shekara cikakka, na zana ya yi guntuwa, jarrabawa kuma ɗaya. Ba mu manta gobarar Maradi ta Nuwamba 2021 ba, wadda ta ci yara fiye da 20 cikin irin wannan aji.

Sai kuɗi. Albashi daga gwamnati yake, amma a 2016 an miƙa wa kwaminoni wani ɓangare na kula da makarantu. Kwamin mai babbar kasuwa da tasha ba ta daidaita da mai jiran harajin manoma. Ita ma Gaya, tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023, aljihun iyaye ya taɓu.

Garin ma da tasa matsala: aji ya cika maƙil, mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Ɗan ƙauyen da babu kwalej kuwa sai ya nemi mai masauki, kuma a nan ne ƴan mata da yawa ke tsayawa, duk da dokar 2017 mai kare karatunsu.

Saboda haka in za a gwada, a ƙirga aji, benci, malamai da watannin karatu tukuna. Iyaye, in an kira taron COGES ku je ku tambaya. Ku rubuto mana: aji nawa ne na zana a garinku bana?