Jerin Jami'o'i a Matsayin Ma'auni: Nazari kan Kwatanta Makarantun Sakandaren Katolika a Amurka

Tsakure

Iyaye da masu jera darajar makarantu a Amurka sukan kwatanta makarantun sakandare masu zaman kansu na ɗariƙar Katolika ta hanyar duba jami'o'in da suka bai wa ɗalibansu gurbi. Wannan maƙala ta bibiyi binciken da aka wallafa daga 1982 zuwa 2023, ta kuma duba tsarin ɗaukar ɗalibai na makarantu uku. Abin da ta gano shi ne, jerin gurabe ya fi bayyana irin yaran da makaranta ta ɗauka fiye da aikin da ta yi a kansu, kuma ya fi tauye haƙƙin makarantun da bincike ya nuna sun fi amfanar da ɗalibi.

Gabatarwa

Kowace bazara makarantun Katolika kan fitar da takarda mai ɗauke da sunayen jami'o'i, galibi da Harvard, Notre Dame da Georgetown a sama, sannan a ƙasa a rubuta jimillar miliyoyin dalolin tallafin karatu da aka yi wa ɗalibai tayi. Ba don ado ake yin wannan ba. A tsakiyar shekarun 1960 ɗaliban makarantun Katolika a ƙasar sun haura miliyan 5, yau kuwa ba su kai miliyan 2 ba. Matan zuhudu da limaman da ke koyarwa kusan kyauta sun ragu ƙwarai, albashin malamai ya koma kan kuɗin makaranta, don haka dole kowace makaranta ta gamsar da uba cewa kuɗinsa ba asara ba ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko wannan takarda tana auna abin da ake zaton tana aunawa.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

James Coleman da Thomas Hoffer da Sally Kilgore ne suka buɗe muhawarar a 1982, inda suka yi amfani da bayanan wani babban binciken ƙasa da aka fara a 1980, suka ce ɗaliban Katolika sun fi takwarorinsu na makarantun gwamnati ƙwazo. A shekarar ne Andrew Greeley ya nuna ribar ta fi yawa ga baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Anthony Bryk da Valerie Lee da Peter Holland, a 1993, sun danganta hakan da manhaja guda ga kowa da kuma zaman makaranta tamkar al'umma ɗaya. Ba ni da ja da waɗannan.

Inda nake da magana shi ne kan yadda ake amfani da aikin William Evans da Robert Schwab na 1995. Sun ƙiyasta cewa shiga sakandaren Katolika na ƙara yiwuwar kammala sakandare ko shiga jami'a mai shekara huɗu da maki 13 cikin ɗari. Adadin yana da daɗin faɗa, shi ya sa ya yaɗu. Amma domin su raba tasirin makaranta da tasirin gida, sun dogara ne da kasancewar ɗalibi ɗan Katolika a matsayin abin da ke tura shi makarantar ba tare da ya shafi karatunsa ta wata hanya ba. Wannan zato yana da rauni, domin addinin gida yana tafe da tarbiyya, da unguwa, da burin iyaye. Joseph Altonji da Todd Elder da Christopher Taber sun nuna wannan rauni a 2005, suka ɓullo da wata dabara ta auna girman son zaɓi da ba a gani ta hanyar wanda ake gani. Sakamakonsu ya tabbatar da tasiri mai ƙarfi kan kammala sakandare, ya yi taka-tsantsan kan shiga jami'a, kuma bai sami hujja mai ƙarfi kan makin jarrabawa ba. Kafin su, Derek Neal a 1997 ya riga ya nuna inda ribar take: tana wurin 'ya'yan tsirarun ƙabilu a cikin manyan birane, inda makarantun gwamnatin da ke kusa suka lalace. Ga fararen fata mazauna unguwannin masu hali a bayan gari, ribar kaɗan ce.

Abin lura shi ne duk waɗannan masana suna kwatanta makarantun Katolika ne da na gwamnati. Babu ɗayansu da ya ce makarantar Katolikan da ta fi tura yara manyan jami'o'i ta fi 'yar'uwarta koyarwa. Masu talla ne suka ɗauki sakamakon da aka samu a kan yaran talakawa suka lulluɓa wa makarantun masu kuɗi.

Dabarun Bincike

An yi amfani da bayanan da aka riga aka wallafa. An zaɓi makarantu uku da limaman Jesuit suka kafa, domin a kawar da bambancin aƙidar koyarwa, sannan aka kwatanta ƙa'idar ɗaukar ɗalibansu da irin alƙaluman da makarantu ke bayyanawa.

Sakamako

Makarantar Regis da ke Manhattan, wadda aka buɗe a 1914, ba ta karɓar kuɗin makaranta. Tana ɗaukar yara maza 'yan Katolika bayan jarrabawa da ganawa, daga birnin New York da kewayensa, kuma masu nema sun ninka guraben. Georgetown Preparatory a jihar Maryland, wadda tarihinta ya koma 1789, tana karɓar dubun-dubatar daloli a shekara, kuma biyu daga alƙalan Kotun Ƙolin Amurka, Neil Gorsuch da Brett Kavanaugh, can suka yi karatu. Cristo Rey kuwa an buɗe ta ne a 1996 a unguwar Pilsen ta Chicago, unguwar ma'aikata 'yan asalin Meziko. Ita da sauran makarantun da suka bi tsarinta 'ya'yan marasa ƙarfi kawai suke ɗauka. Ɗalibai huɗu kan raba aiki guda a wani ofishi, kowa ya yi kwana biyar a wata, ladan ya shiga asusun makaranta ya rage nauyin kuɗin karatunsu.

Makaranta ta farko ta tace hazaƙa, ta biyu ta tace dukiya, ta uku ta nemo waɗanda sauran suka tsallake. Idan aka jera su bisa yawan gurabe a jami'o'in da ake rububi, an san wadda za ta zo ƙarshe tun kafin a koyar da darasi ɗaya. Manomin da ya zaɓi iri mafi kyau ya shuka a fadama, ba a auna ƙwarewarsa da buhunan wanda ya noma tudu mai tsakuwa. Akwai hujja ta lissafi a kan haka. Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak, a 2014, sun duba makarantun gwamnati na haziƙai a Boston da New York, suka kwatanta yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar. Bambancin da shiga makarantar ya kawo a sakamakonsu kaɗan ne ƙwarai. Makarantun ba na Katolika ba ne, amma suna tace ɗalibai da jarrabawa kamar Regis, don haka darasin ya shafe ta.

Babban abin da wannan nazari ya tsaya a kai shi ne yadda ake ƙirga gurbin kansa. Gurbin da aka bayar daban, jami'ar da ɗalibi ya je daban, kuma takardu da yawa na farkon suke nunawa. Manhajar Common App tana bai wa ɗalibi damar neman jami'o'i har 20. A ɗauka wata yarinya haziƙa ta nemi 15, aka ɗauke ta a 12. Sunaye 12 za su hau takardar makarantarta, alhali ƙafa ɗaya za ta sa a jami'a ɗaya. Yara biyar irinta sun isa su cika shafi da manyan sunaye, ko da sauran ajin ba su kusanci waɗannan jami'o'i ba. Haka jimillar tallafin karatu: idan jami'o'i 12 sun yi mata tayi, akan haɗa duka a rubuta, duk da cewa ɗaya kawai za ta ci. Makarantar da ke ingiza ɗalibanta su nemi wurare da yawa za ta fito da adadi mai kauri ba tare da an ƙara wa kowa sisin kwabo ba.

Tsarin neman gurbi da wuri, wanda ɗalibi ke alƙawarin zuwa idan an ɗauke shi, ya ƙara dagula lissafin. Ɗan mai hali yana iya ɗaure kansa da jami'a guda tun watan Nuwamba, domin bai damu da kwatanta tayin tallafi ba, kuma a jami'o'i da yawa kason waɗanda ake ɗauka ta wannan ƙofa ya fi na sauran. Ɗan direba ba shi da wannan sukuni, sai ya jira Maris ya baje wasiƙu a kan tebur da mahaifiyarsa, su ga wacce jami'a ce aljihu zai ɗauka. Yakan faru ya bar jami'a mai suna ya zaɓi ta jiharsa. A takarda wannan kamar koma-baya ne ga makarantarsa, a gida kuwa shawara ce ta hankali, kuma malamin da ya ba da ita ya yi aikinsa.

Sannan ba duk gurbi ne ke fitowa daga aji ba. Raj Chetty da David Deming da John Friedman, a 2023, sun nuna cewa 'ya'yan kashi 1 cikin ɗari mafi arziki sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali yiwuwar shiga manyan jami'o'i 12 masu zaman kansu, ko da makinsu na SAT ko ACT ɗaya ne. Sun danganta fifikon da ake ba su wajen ɗauka da abu uku: gatan 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ɗaukar 'yan wasa, da makin da ake bayarwa kan abubuwan da ba na karatu ba. Bayanan da suka fito a shari'ar da aka yi da Harvard sun nuna fiye da kashi 43 cikin ɗari na fararen fatar da aka ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin musamman na hukumar jami'ar. Makarantar da iyayen ɗalibanta suka yi Notre Dame ko Boston College tana cin gajiyar abin da aka gina tun kafin a haifi yaran.

Ta ɗaya gefen, Caroline Hoxby da Christopher Avery sun nuna a 2013 cewa yawancin haziƙan yara talakawa ba sa ma neman manyan jami'o'i. Benjamin Castleman da Lindsay Page sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na masu niyyar shiga jami'a, musamman marasa ƙarfi, sukan ɓace tsakanin Yuni da Satumba, saboda takardar da ba a cike ba ko kuɗin ajiya da ba a samu ba. Aikin makaranta irin Cristo Rey yana nan ne: malamar da ke zama da uwa tana bi da ita layi-layi cikin takardar neman tallafin gwamnati ta FAFSA, da kiran waya a watan Yuli don a tabbatar yaro ya biya kuɗin ɗaki. Jerin gurabe ba ya ganin wannan aiki ko kaɗan. Ga shi kuma Stacy Dale da Alan Krueger sun gano a 2002 cewa sunan jami'a bai ƙara wa yawancin ɗalibai albashi ba idan aka kwatanta su da takwarorinsu, sai ga 'ya'yan talakawa. Ke nan gurbi ɗaya a hannun yaron Pilsen ya fi nauyi a rayuwa fiye da irinsa a hannun ɗan lauya, amma a takarda daidai ake ƙirga su.

Ma'aunin da ya dace yana nan a hannu. Hukumar National Student Clearinghouse tana riƙe da bayanan rajistar mafi yawan ɗaliban jami'o'in ƙasar, kuma makarantun sakandare na iya bibiyar tsofaffin ɗalibansu ta wurinta. Makaranta za ta iya bayyana yara nawa suka shigo a aji na 9 kuma nawa suka kammala, domin wadda ke sallamar masu rauni a hanya takan yi alfahari da cewa kowa ya sami gurbi. Za ta iya faɗin nawa suka yi rajista a kaka, nawa suka koma shekara ta biyu, nawa suka sami digiri cikin shekara shida, duka a rarrabe bisa makin da suka shigo da shi da ƙarfin gidajensu.

Iyakokin Nazarin

Za a ce makarantu uku ba sa wakiltar makarantun sakandaren Katolika sama da dubu, kuma dukansu na Jesuit ne, ba na dayosis ko na matan zuhudu ba. Haka ne, an zaɓe su ne don bambancinsu ya fito fili. Za a kuma ce bayanan da Coleman da Neal da Altonji suka yi aiki da su na ɗaliban shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990 ne, kafin hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. Wannan na iya sauya girman ribar da suka ƙiyasta. Bai taɓa lissafin ƙirga ɗaliba guda sau 12 ba, wanda shi ne ginshiƙin wannan maƙala.