Yadda Hukumar Kano Ta Nemi Rabonta A Ikko Da Kaduna

Kowace hukumar gari tana da wata hukuma a bisanta. Ita ce ke gyara kasuwa, ta haƙa rijiya, ta gina makaranta, amma dokar da ke faɗin abin da za ta karɓa da abin da za ta kashe, a wani gari a ke yin ta. Saboda haka wajibi ne hukumar gari ta san abin da za ta nema a can, ta san wanda za ta aika, ta kuma san buƙatar da za ta sa gaba in ba za a biya mata duka ba. Tarihin Kano ya nuna wannan a fili. Za mu bi shi daki-daki, muna tunawa da manomin bakin kogin Watari, a ƙasar Bagwai, arewa maso yamma da birni, inda gona ke haɗe da gona, gida na hango gida. Gumin irin wannan manomi ne a ka yi shekara da shekaru ana rabo a kansa.

Zamanin Baitulmali

Turawan Ingila sun ci Kano cikin watan Fabrairu 1903, su ka naɗa Sarki Abbas. Ba su rushe sarauta ba. Sai su ka bar Sarki da hakimai da dagatai da masu unguwa su tattara haraji da jangali, sa'an nan a raba tsakanin Gwamnati da Sarki. Bayan 'yan shekaru rabon ya tsaya a kan rabi da rabi. Wajen 1909 a ka fara wani tsari a Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, watau a zuba rabon Sarki cikin Baitulmali, a yanka wa kowane ma'aikaci albashi, saura a yi aikin jama'a da shi. Ba a daɗe ba tsarin ya iso Kano da sauran ƙasashe. Wannan hukuma ta Sarki da majalisarsa da Baitulmalinta ita a ke kira En'e.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Daga nan gyaɗa ta yi daraja, manoma su ka sami kuɗin biyan haraji, Baitulmalin Kano ya zama ba na biyunsa a Arewa. To, buƙatar En'e ta farko a wurin Gwamnati ita ce a ƙara mata kaso. Cikin 1928 a ka yarda manyan En'e-En'e su riƙe kashi 70 cikin ɗari na harajin ƙasarsu. Da irin wannan kuɗi Sarki Abdullahi Bayero da majalisarsa su ka jawo ruwan famfo daga kogin Calawa zuwa tankin Goron Dutse, su ka kuma sa wa birni wutar lantarki. An buɗe aikin cikin 1931.

Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, da kasuwar duniya ta faɗi a shekarun 1930, Gwamnati ta matsu, sai ta rage kason nan ya koma 60 cikin ɗari. Ba a nemi yardar Kano ba, domin a lokacin Majalisar Dokoki ta Ikko ba ta yi wa Arewa doka. Gwamna shi kaɗai ke sa hannu, abu ya zama doka. Hanyar da Sarki ya ke da ita ta kai kuka ita ce bakin Razdan, sai kuwa taron sarakuna da a ka fara yi a Kaduna cikin 1930, shi ma na shawara ne kurum. Na biyu, famfo da lantarki a birni su ka tsaya. Mutumin Watari da ya biya, rijiya da fitilar aci-bal-bal ya ci gaba da amfani da su.

Neman Kujera

Daga nan shugabanni su ka gane kason da a ka ba ka da alheri ana iya karɓe shi da rana tsaka. Wanda ke son rabonsa ya tabbata, sai ya zauna a ɗakin da a ke yin doka. Wannan ita ce buƙata ta biyu.

Cikin 1947 tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki. A ka kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, En'e-En'e su ka riƙa zaɓen waɗanda za su wakilce su, daga cikinsu kuma a ka tura waɗansu Ikko. Cikin Janairu 1950 a ka yi babban taro a Ibadan domin sake tsarin. Wakilan Arewa su ka je da magana biyu: a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, a kuma raba kuɗin ƙasa bisa yawan jama'a. Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina su ka nuna in ba a ba da rabin kujeru ba, Arewa za ta nemi a raba ta da Kudu. Da tsarin 1951 ya fito, Arewa ta sami kujera 68 cikin 136.

Maganar yawan jama'a kuwa ta fi yi wa Kano daɗi bisa kowane lardi, gama ba lardin da ya kai ta mutane. Kun ga ke nan cunkoson gidaje a ƙasashe irin su Bici da Bagwai, wanda a dā lissafin haraji ne kawai, yanzu ya zama hujjar neman kujera da kuɗi. Ma'aikatan En'e ta Kano su ka shiga majalisar tarayya, har waɗansunsu su ka zama ministoci, kamar Alhaji Inuwa Wada, Ministan Ayyuka, da Alhaji Maitama Sule, Ministan Ma'adinai da Lantarki.

Ba dukan Kanawa ne su ka yarda bakin En'e bakin talaka ne ba. Jam'iyyar NEPU, wadda a ka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta tsaya a kan cewa wanda ke biyan haraji shi ya kamata ya zaɓi mai yi masa magana. Shugabanta, Malam Aminu Kano, ya ci zaɓen majalisar tarayya cikin 1959. Daga nan Kano ta zama tana magana da murya biyu a Ikko.

Rigima Da Kaduna

Ban da haraji, akwai wata hanya da kuɗin manomi ke fita. Cikin 1949 a ka kafa hukumar cinikin gyaɗa. Ita ke yanka farashi, ta saya a hannun manomi ta bakin dillalanta, ta sayar a ƙasashen waje, rarar ta zauna a hannunta. Cikin 1954 hukumar ta koma ƙarƙashin Gwamnatin Jihar Arewa. Dalar gyaɗa a Kano a ke tara ta, amma ribarta Kaduna ke rabawa. Kuɗin da ke fitowa daga Ikko ma haka. Kwamitin Raisman na 1958 ya ba Arewa kashi 40 cikin ɗari na asusun da a ke raba wa jihohi, kuɗin kuwa hannun Gwamnatin Kaduna su ke faɗawa, ita ke duba lardin da za ta yi wa aiki.

Sarkin Kano Muhammadu Sanusi mutum ne mai ƙarfi a jam'iyyar NPC, yana kuwa tafiyar da En'e kamar ba kowa bisansa. Cikin 1962 Gwamnatin Sardauna ta naɗa wani Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Abin da ya biyo baya shi ne Sarki ya yi murabus cikin 1963, ya koma Azare da zama. Wannan al'amari ya koya wa hukumomin gari darasi mai ɗaci: wadda littafin kuɗinta bai daidaita ba, ba ta da bakin neman ƙari, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kuma ƙara wa Kanawa da yawa jin cewa suna ba da abu mai yawa, ana mayar musu da kaɗan. Daga nan kiran a ba Kano jiharta ya yi ƙarfi. Wannan ita ce buƙata ta uku.

Ruwa Ya Juya

Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, Kano ta zama jiha, Audu Bako ya zama Gwamna. Cikin 'yan shekaru a ka karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaɗa kuma ta ja baya, fari ya auku a farkon shekarun 1970, kuɗin man fetur ya zama shi ne abincin gwamnatoci duka.

Sabuwar jiha ta sa ruwa gaba da kome. A ka gama madatsar Tiga cikin 1974. A ka datse kogin Watari kusa da Bagwai, aikin ya ƙare wajen 1980. Manoman wurin su ka sami noman rani, shinkafa da masara da tumatir da albasa, masunta su ka sami kifi. Waɗansu kuwa ruwa ya cinye gonakinsu na gado, tilas su ka tashi. Daga baya a ka gina matatar ruwa ana tura ruwan Watari birni. A dā haraji ƙauye ke aika wa birni, yanzu har da ruwan sha.

Cikin 1976 a ka yi wa ƙananan hukumomi tsari iri ɗaya a ƙasa duka, a ka ba su rabo daga kuɗin tarayya, zamanin En'e ya wuce. Cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa su ka yi murna ƙwarai. To, ku duba yadda ruwa ya juya. Dā kuɗi daga ƙasa su ke hawa: daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa Baitulmali, zuwa Gwamnati. Yanzu daga sama su ke saukowa. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano na da 44, birni da kewayensa kuwa an raba shi gida 8. A tsarin rabo na 2004, ƙananan hukumomi na da kashi 20 da ɗoriya cikin ɗari.

Buƙata ta huɗu ita ce rabon nan ya iso hannun mai shi. Tsarin mulki ya ce a zuba shi cikin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a ka kuwa daɗe ana kuka a jihohi da yawa cewa ba ya isa cikakke. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma shugabanninsu su zama zaɓaɓɓu. Yanke hukunci aiki ne guda, zartar da shi wani aiki ne dabam, yana kuwa bukatar masu sa ido.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A zamanin haraji talaka ya san abin da ya biya, yana da takardar shaida a aljihu, ko da ya ke ba shi da ikon tambaya. Yau yana da ikon tambaya, amma da ya ke kuɗin ba daga aljihunsa su ka fita ba, sai ya ɗauka kyauta ce a ke yi masa. Alhali kuwa da yawan jama'ar garinsa a ke lissafa rabon, da sunansa a ke karɓo shi.

Jihar Kano na da wakilai 24 a Majalisar Wakilai ta Abuja, da sanatoci 3. Ɗaya daga cikin wakilan nan na Bagwai da Shanono ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo: hanyar ruwan da yashi ya toshe, da hanyar motar da za ta fitar da tumatir kafin ya ruɓe, da asibitin da ba magani. Ku da ku ka yi yaƙi da jahilci ku ka ci nasara, ga inda karatunku zai yi rana. Ku tambayi kansila nawa a ka aiko wa ƙaramar hukumarku a wannan wata, me a ka yi da shi. Ku zauna ku tsara buƙatunku, ku sa mafi muhimmanci a gaba, ku rubuta wa wakilinku da hannunku, ku ajiye kwafi. In ya dawo neman ƙuri'a, ku ɗauko takardar ku karanta masa.