Matsayin Madubin Leƙa Mahaifa Wajen Cire Robar Tazarar Haihuwa Mai Jan Ƙarfe Idan Zarenta Ya Ɓace

Tsakure

Cire robar mahaifa mai jan ƙarfe aiki ne na 'yan mintuna matuƙar ana ganin zarenta a bakin mahaifa. Wahala tana zuwa ne idan zaren ya ɓace, ko robar ta nutse cikin naman mahaifa, ko wani reshe nata ya karye. Wannan maƙala ta auna hujjojin da ake da su a kan amfani da madubin leƙa mahaifa, wato histeroskof, a irin wannan hali. Matsayarta ita ce madubin ba shi ne matakin farko ba, amma da zarar hanyoyin sauƙi sun gaza shi ya kamata a nufa, a daina maimaita lalube da ƙugiya ko wankin ciki.

Gabatarwa

A ƙarshen shekarun 1960 ne Jaime Zipper na ƙasar Chile ya nuna cewa jan ƙarfe yana hana ɗaukar ciki idan aka ajiye shi a mahaifa, shi kuma Howard Tatum na Amurka ya ƙera roba mai siffar harafin T da za ta ɗauke shi. Daga haɗuwar aikinsu aka samu samfurin da ya fi yaɗuwa a yau, TCu380A, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1984. Lambar 380 tana nufin faɗin fuskar jan ƙarfen da ke jikinta a ma'aunin murabba'in milimita: 314 a wayar da aka naɗe a gangar jikin, sai 33 a kowane ɗaya daga rassa biyun. Tsawonta milimita 36 ne, faɗinta 32, kuma an gauraya robar da sinadarin bariyom domin ta fito a hoton eksire. Jan ƙarfen yana raunana maniyyi tun kafin ya isa ga ƙwai, shi ya sa cikin mata 100 da aka saka wa, ba a samun ko guda cikakkiya da ta ɗauki ciki a shekarar farko, kuma robar tana aiki shekara 10, har ma akwai hujjar cewa tana kai 12. Duk wannan tsari ya rataya ne a kan siraran zare biyu da aka ɗaure a ƙasan robar. Da su ake tabbatar da tana nan, da su kuma ake janyo ta, rassan su lanƙwashe sama ta zame ta fito. Idan babu zaren, ma'aikaciyar lafiya ta rasa shaida ta kuma rasa abin kamawa a lokaci guda.

Abin da ɓacewar zare take nufi

Ɓacewar zare tana iya nufin abu huɗu: zaren ya naɗe ya koma cikin bakin mahaifa ko cikin mahaifar, robar ta faɗo ba a sani ba, ta huda bango ta shiga ciki, ko kuma juna biyu ya shiga mahaifa ta girma ta ja zaren sama. Waɗannan ba daidai suke da juna a yawan aukuwa ba, kuma wannan bambanci shi ne tushen duk wata shawara mai ma'ana. Binciken da Marchi da abokan aikinta suka wallafa a 2012 daga Kamfinas ta Burazil ya duba bayanan mata kusan 15,000 masu amfani da robar mahaifa. Kashi 5 cikin 100 ne aka rasa zarensu, kuma a cikin waɗannan, sikanin ya nuna robar tana zaune a mahaifa a kashi 98 cikin 100. Faɗuwa da huda bango sun raba ɗan abin da ya rage. Babban binciken EURAS-IUD, wanda ya bi mata fiye da 61,000 a ƙasashen Turai shida aka kuma wallafa shi a 2015, ya samu hudar bango a kusan mace 1 cikin 1,000, sai dai haɗarin ya ninka kusan sau shida ga masu shayarwa a lokacin da aka saka musu. Ke nan jita-jitar da ake yawan ji a ɗakunan awo, cewa roba tana tafiya har zuciya, ba ta da gindin zama, amma tana da ɗan asali a cikin wannan hudar da ba ta cika faruwa ba.

Daga waɗannan alƙaluma abu biyu suke fitowa. Na farko, macen da zarenta ya ɓace, sikanin ya nuna robar tana daidai, ita kuma tana son ci gaba da tazara, ba ta buƙatar a taɓa ta. A bar mata abarta har wa'adinta ya cika. Na biyu, ba a shiga mahaifa neman roba sai an tabbatar tana can. A fara da gwajin juna biyu, a yi sikanin, idan ba a gan ta ba a ɗauki hoton eksire na ciki da ƙugu gaba ɗaya. Idan hoton ya nuna ta a wajen mahaifa, madubin mahaifa ba shi da aikin yi, sai madubin da ake zurawa ta cibiya, kuma ana son a hanzarta domin jan ƙarfe yana tayar da kumburi ya manne da hanji ko kitsen da ya lulluɓe shi. Idan babu ita a ko'ina, ta faɗi ke nan.

Dalilin fifita gani a kan lalube

Idan robar tana cikin mahaifa kuma ana son cire ta, akwai matakan sauƙi da ake fara gwadawa a ɗakin duba marasa lafiya: a juya ɗan siririn buroshi a cikin bakin mahaifa ko zaren zai biyo shi, a zura abin kamo zare, ko a sa siririn hantsaki mai dogon wuya, wanda ya fi kyau a yi shi ana kallon sikanin. Mafi yawan robobi suna fita a nan. Gardamar tana kan abin da za a yi idan wannan ya ci tura. Tsohuwar al'ada ita ce a sake gwadawa da ƙugiya, idan an gaji a kai mace ɗakin tiyata a buɗe bakin mahaifa a yi mata wankin ciki, da fatan cokalin kankara zai ci karo da robar. Aibin wannan hanya a fili yake ga duk wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa robar ta ƙi fita tun farko. Ba ta ƙi fita haka kawai ba. Ko dai wani reshe ya nutse cikin nama, ko ta juya ta kwanta a gicciye, ko ƙarin mahaifa ya tokare ta, ko tabon tiyatar haihuwa ya riƙe ta, ko kuma mahaifar tana da shamaki a tsakiya. Hannun da ba ya gani ba zai bambance waɗannan ba, kuma magani ɗaya ne da shi ga dukkansu, wato ƙara ƙarfin ja. Ƙarfin ja a kan reshen da ya nutse shi ne yake karya shi. Kankara kuwa tana iya cinye shimfiɗar mahaifa har bangaye su manne da juna, lalurar da Joseph Asherman ya bayyana a 1948, wadda take kawo ƙarancin jinin al'ada da rashin haihuwa. Abin takaici shi ne da yawa daga cikin masu zuwa a cire musu roba don neman haihuwa suke zuwa.

Leƙa mahaifa ba sabon abu ba ne, tun 1869 wani likita mai suna Pantaleoni ya yi shi. Abin da ya sauya shi ne girman kayan aiki. Madubin da Stefano Bettocchi na Bari a Italiya ya yaɗa a shekarun 1990 kaurinsa bai wuce milimita 5 ba, yana da hanyar shigar ruwa da ta fitarsa, da wata 'yar kafa da ake zura hantsaki ko almakashi wanda bai kai milimita 2 ba. Shi ne kuma ya nuna ana iya shiga ba tare da ƙarfen buɗa gaba ko maƙale bakin mahaifa ba, ruwan gishirin asibiti ne yake buɗe hanya madubin yana bi. Wannan ya fitar da aikin daga ɗakin tiyata, domin mata da yawa suna jure shi da maganin rage zafi da aka sha kamar awa guda kafin a fara. Da an shiga, tambayar da lalube ya kasa amsawa ta amsu. Idan zare ne ya naɗe, a kama shi. Idan ya tsinke, a kama ƙarshen gangar robar. Idan ta juya, a daidaita ta tukuna don rassan su lanƙwashe ta inda aka tsara su. Idan reshe ya nutse, a yanke naman da ya rufe shi a hankali, a ja shi ta hanyar da ya shiga. Robar ba ta wucewa ta cikin kafar madubi, saboda haka tare ake fito da su. Sannan a shimfiɗa ta a duba rassa biyu da jan ƙarfen da ke kansu, a sake leƙawa a tabbatar ba a bar gutsure ba. Wannan duba na ƙarshe, a ganina, shi kaɗai ya isa hujja, domin gutsuren da aka bari shi ne yake komo da mace asibiti da zubar jini ko ciwon mara da aka rasa dalilinsa.

Sukar da ake yi

Suka ta farko ita ce madubin ma yana da haɗari. Gaskiya ne, amma an auna shi. Binciken Jansen da abokan aikinsa a Holan, wanda aka wallafa a 2000, ya tattara ayyuka 13,600 daga asibitoci 82, ya samu matsala a kashi 0.13 cikin 100 na ayyukan dubawa kawai, da kashi 0.95 na waɗanda aka yi yanka a cikinsu. Cire roba ya fi kusa da rukunin farko idan ba ta nutse ba. Haɗarin shigar ruwa da yawa cikin jini, wanda ya sa aka kafa iyakar mililita 2,500 na ruwan gishiri ga mace mai ƙoshin lafiya, na dogayen ayyuka ne irin su yanke ƙari, da wuya aikin mintuna kaɗan ya kusanci wannan iyaka. Abin da yake hana aikin da gaske shi ne ciwon sanyin mara mai tsanani da ba a yi maganinsa ba tukuna, ko zargin sankarar bakin mahaifa.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa hantsaki da sikanin suna cire mafi yawan robobin da zarensu ya ɓace a farashi kaɗan, to me ya sa za a ɗora wa mace kuɗin madubi? Maƙalar nan ba ta musa wannan ba, shi ya sa ta ajiye madubin a mataki na biyu. Inda ta rabu da su shi ne a kan ragowar. Sikanin yana nuna inda roba take da kusancinta da bango, musamman mai fuska uku wanda yake fito da rassan sosai, amma ba ya yanke naman da ya riƙe reshe. Nasarar hanyar sauƙi a kan robobi masu sauƙi ba hujja ba ce a kan masu wuya, tunda gazawar farko ta riga ta tace su, waɗanda suka rage su ne ainihin masu matsala.

Suka ta uku ita ce ta rashin kayan aiki, kuma ita ce ta fi shafar arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda madubin yake a manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin kuɗi masu kula da matsalar haihuwa. Ana cewa tura mace daga ƙauye zuwa birni saboda roba wahala ce da ba kowane gida zai ɗauka ba. Amsar ita ce robar da take zaune a mahaifa ba gaggawa ba ce. In babu zazzaɓi, babu zubar jini mai yawa, babu juna biyu, jiran mako biyu ko wata guda ba ya cutarwa, alhali lalube na uku da na huɗu yana iya cutarwa a take. Akwai kuma lissafin da ya wuce mace guda. Ƙididdigar lafiyar al'umma ta Najeriya ta 2018 ta nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure ne suke amfani da hanyoyin tazara na zamani, masu robar mahaifa kuwa ba su kai kashi 1 ba. A inda amana take da rauni haka, labarin mace ɗaya da aka wahalar wajen cirewa yana zagaya unguwa fiye da labarin ɗari da aka cire wa lafiya lau. Ga shi kuma ana ƙara saka roba nan take bayan haihuwa, har da lokacin tiyatar haihuwa, inda aka san zare ya fi yawan ƙin saukowa. Duk shirin da yake faɗaɗa sakawa bai tanadi inda za a tura masu wuyar cirewa ba, rabin aiki ya yi.

Hali biyu na musamman

Matan da al'adarsu ta ɗauke suna da nasu ƙalubalen. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce a cire roba shekara 1 bayan jinin ƙarshe idan mace ta haura 50, shekara 2 idan ba ta kai ba. Wadda ta manta da ita shekaru da yawa takan zo da mahaifar da ta tsuke da baki mai tauri, inda buɗawa da ƙarfi yake iya ƙirƙiro hanyar ƙarya cikin nama. Siririn madubi yana bin ainihin hanyar yana gani. Likitocin ƙasar Sin sun tara gogewa mai yawa a nan, saboda zoben ƙarfe maras zare da aka saka wa miliyoyin mata kafin a daina ƙera shi a 1993.

Hali na biyu shi ne juna biyu da roba a ciki. Bayan an tabbatar cikin ba a bayan mahaifa ya zauna ba, barin robar yana jawo ɓari a kusan rabin matan, yana kuma ƙara haɗarin haihuwar bakwaini da ruɓewar ciki mai barazana ga rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a cire ta da wuri idan ana ganin zare. Idan ba a gani, an wallafa rahotannin cirewa da siririn madubi a watanni ukun farko, da ruwa kaɗan da ƙarfin turi kaɗan, ana bi ta gefen jakar ɗan tayi ba a taɓa ta ba, kuma mafi yawan cikin sun kai ga haihuwa. Sai dai waɗannan rahotanni na ƙananan rukunai ne daga hannun ƙwararru, ba gwajin da aka raba mata gida biyu aka kwatanta ba, saboda haka nauyinsu bai kai na hujjojin da aka kawo a sama ba. A nan madubin zaɓi ne da za a shimfiɗa wa mace tare da bayanin cewa cirewar kanta tana iya jawo ɓari, kuma inda robar take, ko a ƙasan jakar ko a samanta, shi ne zai nuna ko ana iya kaiwa gare ta.