Kare Shuke-shuken Lambu daga Ɓarnar Barewa a Gabashin Amurka: Nazarin Hanyoyi Uku

Tsakure

Maƙalar ta auna hanyoyi uku da masu lambu ke bi wajen kare shukarsu daga barewa mai farar wutsiya, wadda masana ke kira Odocoileus virginianus: zaɓen tsirrai, magungunan kora da shinge. Ta nuna cewa shinge ne ya fi zama abin dogaro idan yunwa ta tsananta.

Gabatarwa

Wajen shekarar 1900, farauta da sare dazuzzuka sun rage wannan barewa zuwa kimanin 500,000 a Amurka. Dokar Lacey ta 1900 da dokar Pittman-Robertson ta 1937, masu kare namun daji, sun taimaka ta farfaɗo, ga shi kuma an riga an kawar da kerkeci da damisar dawa masu cin ta daga mafi yawan gabashin ƙasar. Yau ana ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30, kuma unguwannin bayan gari, inda ba a cika farauta ba, sun zame mata makiyaya.

Gane Mai Ɓarna

Barewa ba ta da haƙoran gaba a muƙamuƙin sama, don haka fizgar reshe take yi, ta bar bakinsa a yayyage. Zomo kuwa datsewa yake yi sumul a karkace. A lokacin kaka, namijin barewa yana gurza ƙahonsa a jikin ƙananan itatuwa har ɓawon ya saɓule. Idan gurzar ta kewaye gindin, itacen ya mutu ke nan.

Hanyoyin Kariya

Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey ta karkasa tsirran ado zuwa rukuni huɗu gwargwadon yadda barewa ke cin su. Barewa tana son hosta da tulif, tana ƙyamar dafodil saboda dafinsa da lafanda saboda ƙarfin ƙanshinta. Sai dai a ƙarshen hunturu, idan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, takan ci har abin da ta saba ƙi.

Cikin magungunan kora, masu ɗauke da ruɓaɓɓen ƙwai na cikin waɗanda suka fi tasiri. Amma ruwan sama yana wanke su, sabon toho kuma yana fitowa ba magani a jikinsa, sai an yi ta maimaita feshi.

Shingen raga kuwa dole tsayinsa ya kai mita 2.4, kuma ya manne da ƙasa, domin barewa takan fi son kutsawa ta ƙarƙashi a kan tsallakewa. A ƙaramin lambu ana kafa wayar lantarki, a shafa mata markaɗaɗɗiyar gyaɗa; barewar da ta lasa ta ji girgiza takan kiyayi wurin.

Kammalawa

Zaɓen tsirrai da feshi rage asara suke yi, ba su hana ta. Inda bareyi suka yi yawa, wajibi ne mai lambu ya kafa shinge tun kafin shuka, hukumomin gari kuma su ɗauki nauyin rage yawan garken.