Kula da majinyata a lokacin ɗaukar hoton MRI

Kula da majinyata a lokacin ɗaukar hoton MRI ya ƙunshi matakan da ma'aikatan asibiti ke bi domin majinyaci ya kwanta shiru a cikin na'urar har a gama, ba tare da ya cutu ba. MRI na'ura ce da ke amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo wajen ɗaukar hoton cikin jiki. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 90, kuma motsi kaɗan yana iya ɓata hoton, har a sake shi. Waɗanda suka fi bukatar kulawa su ne masu fargaba, masu tsoron matsattsen wuri, ƙananan yara, waɗanda aka ba maganin barci, da masu ƙiba.

Abin da ke jawo fargaba

Majinyaci yakan kwanta a kan gado mai shiga cikin wani rami mai kama da bututu. A na'urori da yawa faɗin ramin santimita 60 ne kawai. Idan hoton kai za a ɗauka, ana rufa wa majinyaci wani abu mai kama da keji a kan fuska, abin da ke ƙara masa jin ƙunci. Ga kuma ƙara mai kama da bugun guduma, wadda kan wuce desibel 100. Shi ya sa ake ba kowa abin toshe kunne.

Matakan da ba na magani ba

Matakin farko shi ne bayani. Ma'aikaci yakan faɗa wa majinyaci tsawon lokacin da za a ɗauka, da irin ƙarar da zai ji, ya kuma nuna masa cewa ramin a buɗe yake ta gaba da baya. Ana ba shi 'yar ƙwallon roba a hannu, wadda zai matsa idan yana so a tsaya, kuma ana magana da shi ta lasifika tsakanin hoto da hoto. Sauran dabarun sun haɗa da shigar da ƙafafu kafin kai idan sashen jikin ya ba da dama, rufe idanu da ƙyalle, sa madubi da zai nuna masa waje, da barin ɗan uwa ya zauna kusa bayan an tabbatar ba ya ɗauke da ƙarfe. Jarirai kuwa akan shayar da su a naɗe su a zane, sai a ɗauki hoton suna barci.

Amfani da magani

Idan waɗannan ba su wadatar ba, likita yana iya ba babba maganin kwantar da hankali kamar diyazefam, lorazefam ko midazolam. Wanda ya sha ba zai tuƙa mota ba a ranar, don haka sai ya zo da mai raka shi gida. Ƙananan yara da waɗanda ba sa iya kame jikinsu akan sa su barci mai nauyi a ƙarƙashin kulawar likitan sa barci, sau da yawa da maganin furofofol. Kafin haka ana hana cin abinci na kimanin awa 6.

Waɗannan magunguna suna iya rage numfashi, kuma mai barci ba zai iya cewa yana jin zafi ba. Saboda haka ana lura da bugun zuciyarsa da iskar oksijin da ke jininsa, da kayan da aka ƙera musamman don ɗakin MRI. Maganaɗisun na'urar a kunne yake dare da rana, yana fizgar duk wani ƙarfen da maganaɗisu ke iya ja. A shekarar 2001, a jihar New York ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 6 da aka sa barci ya rasu bayan maganaɗisu ya fizgo tukunyar oksijin ta ƙarfe ta buge shi a kai.

Masu ƙiba

Kowane gadon na'ura yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, amma sau da yawa faɗin kafaɗu ko ciki ne ke hana shiga. Shi ya sa ake auna nauyi da kaurin jiki tun kafin a sa rana. Ana shigar da ainihin nauyin a kwamfuta, domin da shi ake lissafa yawan zafin da igiyoyin rediyo za su saka a jiki. Ana kuma sa soso tsakanin fata da bangon ramin, da tsakanin cinyoyi, don gudun ƙuna.

Sauye-sauyen na'ura

A shekarar 2004 kamfanin Siemens na Jamus ya fitar da Magnetom Espree, mai rami gajere da faɗin santimita 70, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. Akwai kuma na'urori masu buɗaɗɗen gefe. Yawancinsu maganaɗisunsu bai kai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 na masu rami ba, don haka aikin yakan fi daɗewa, hoton kuma ba ya kai nasu fitowa sarai.