Koko da Hawan Jini: Tsakanin Ɗakin Gwaji da Teburin Mai Shayi a Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi kan koko da baƙin cakulet, ta auna su da irin kokon da ke isowa kudancin Katsina.

Gabatarwa

Ba kokon da ake sha da ƙosai ake nufi ba. Kokon bishiya ne, na Ondo da Osun da Ikom. Ba ya yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, domin rani ya yi masa tsawo. Sai dai danginsa ne suka cika gonakin yankin: a rabon masana tsirrai, auduga da kuɓewa da rama da yakuwa, har kuka da goro, duk gidansu ɗaya da koko.

Abin da gwaji ya nuna

Maganar koko da hawan jini ta taso ne kan sinadarin filabanol da ke cikinsa, mai sa jijiyoyin jini su saki. Norman Hollenberg na Jami'ar Harvard ya lura cewa Kunawan tsibiran Panama, masu shan koko kullum, da wuya jininsu ya hau ko sun tsufa. Amma lura daban, hujja daban. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje a 2017, sauƙin da ta gani bai wuce maki 2 a ma'aunin jini ba. Gwajin COSMOS na Amurka, wanda aka fitar a 2022, ya ɗauki mutum 21,442, aka riƙa ba wasunsu miligiram 500 na filabanol kullum. Mutuwa ta ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, amma raguwar cututtukan zuciya baki ɗaya ba ta kai mizanin da za a kafa hujja da ita ba. Kuma ƙwayar magani aka haɗiya, ba alewa aka tauna ba.

Abin da ke isowa nan

A tsaya teburin mai shayi a tashar Funtuwa bayan asuba. Zai yage ledar Milo ko Bournvita, ya zuba madara, ya ƙara sukari, ya yi ta sheƙawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Direba ya ce a ƙara kauri. Kokon da ke kofin nan kaɗan ne, sauran tsiron hatsi ne da madara da zaƙi. Filabanol ɗaci gare shi, sarrafawar da ke kashe ɗacin kuwa tana tafiya da yawancinsa. Jingina sakamakon COSMOS ga wannan kofi, a ganina, ɗora wa kura aure ne. Baƙin cakulet na ainihi kuma sai manyan kantuna, ga tsada, ga narkewa da bazara.

Zoɓo ya fi kusa. A gwajin Jami'ar Tufts na 2010, kofi uku kullum na mako shida ya sauke jini da kimanin maki 7, kodayake mutum 65 kacal aka gwada. Abin da ya kamata a auna a Malumfashi shi ne zoɓon da ake sayarwa a gora, da sukarinsa da kanumfarinsa, yadda ake shan sa a kasuwa.